Taken Bahago

Tudun Kanya,
ta ƙasar Bici.
Watan Rajab.

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi, da tambayar lafiyarka da ta mutanen da kake zaune a cikinsu. Ya birni, ya zafi, ya aiki? Mu nan sai godiya. Baba yana nan da ƙafarsa, wata rana ta bar shi ya je masallaci, wata rana ta hana shi. Yara lafiya lau, sai ƙiriniya. Garin kwakin da ka aiko ta hannun Sabo direba ya iso, Allah ya saka da alheri. Ya zo a kan gaɓa, don yanzu dusar ma sai an sha wuya ake samunta.

Kai ma mai karanta masa, ko wane ne kai, ina gaishe ka. Ka karanta masa duka, kada ka tsallake inda bai yi maka daɗi ba. Ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, in ka ga baƙi ya karkace ka miƙe shi da bakinka.

Maigida, sai haƙuri. Nababa Mai Gangar Noma ya rasu ranar Larabar da ta wuce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bai yi wata doguwar jinya ba, zazzaɓi ne ya tarar da jiki babu ƙwari. Na so a ce wani ne zai gaya maka, amma na san in ka ji a rediyo cikin baƙin mutane abin zai fi yi maka ciwo.

Jama'a ta taru. Daga Bagwai, daga Minjibir, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, wasu a keke, yawanci a ƙasa, tunda jakunan sun ƙare. Wallahi ban san akwai sauran maza haka a ƙasar nan ba, na ɗauka duk kun gudu birni. Baba ya ce har Liman, wanda ya yi shekaru yana haɗe rai in ya ji ganga, sai da ya yabe shi bayan addu'a. Ya ce mutumin nan bai taɓa kaɗa wa kowa don ya je ya yi ɓarna ba, kiɗansa rumbu yake cikawa.

Ka san tun da fari ya shigo damina biyu ke nan ba a kira gayya ba. Wa zai tara maza a gona ba shi da furar da zai ba su? Gangar tana rataye a ɗakinsa har fatar ta saki. Mutumin da ake sa muryarsa a rediyo kowace damina ya koma tufkar igiya a gindin durumi, yana sayarwa ranar kasuwa. Amma bakin nan nasa bai mutu ba. Da sanyin da ya wuce ya zo gaida Baba, na aika masa da kunun dusa, ya shanye ya aiko a gaya mini wai bai taɓa shan kunun da ya san darajar haƙori irin wannan ba, tunda sai an tauna. Da zai tafi ya tsaya jikin rumbunka na ƙofar gida ya ƙwanƙwasa shi da yatsu. Ina daga ciki ina tankaɗe, sai na ji takenka yana fitowa daga jikin rumbu. Rariyar ta faɗi daga hannuna. Ya yi dariya ya ce wa Baba rumbun da babu komai ya fi gangarsa zaƙi, da ya sani da tuni ya koma kaɗa rumbuna, ga su nan birjik a gari. Sannan ya tambayi yaushe kai Bahago za ka dawo. Baba ya ce da damina. Ya ce to Allah ya nuna masa.

Allah bai nuna masa ba.

Tun ranar nake tuna gayyar gonar Maigari, shekarar da gero ya yi kyau har aka rasa inda za a zuba. Ina budurwa, na kawo fura da sauran 'yan mata. Kana can ƙarshen sahu da garmarka a hagu, maza suna yi maka dariya wai ka riƙe ta a karkace. Kafin rana ta take ka bar su a baya. Nababa ya bar kowa ya bi ka da ganga, a nan take ya yanka maka take, yana cewa Bahago mai kwantar da ƙasa a hagu, rana ta gaji kai ba ka gaji ba. Ni kuma ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Ya waiwayo ya nuna ni da gular kiɗansa ya ce ga mai furar Bahago nan. Na kwana uku ban fita ba don kunya. Bayan aurenmu ya ƙara angon Hure a cikin taken, ya ce shi ya haɗa, don haka shi ke da ƙafar kaza duk Sallah.

Ka zo ka yi wa iyalinsa gaisuwa. Kano ba Makka ba ce, motar Sabo tana zuwa duk ranar kasuwa. Baba yana sa maka albarka, yara suna gaishe ka.

Taka,
Hure.


Tudun Kanya.
Watan Sha'aban.

Zuwa ga Maigida,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. In ka tambaye mu, muna nan da rai. Rijiyar masallaci ta ƙafe, sai ta fadama muke zuwa, ita ma sai an jira ta taru.

Sabo ya kawo saƙonka na baka, wai kana lafiya, kana gaida kowa, aiki ne ya riƙe ka. Shi ke nan? Mutumin da ya sa aka san ka daga nan har inda rediyo take kaiwa ya kwanta dama, abin da ya samu daga gare ka shi ne aiki ya riƙe ka? Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba. Na yini ban yi wa kowa magana mai daɗi ba, yaran ma sun sha faɗan da ba nasu ba.

An yi sadakar arba'in. Manya sun zo daga birni da motoci, riguna suna ƙamshi, aka shimfiɗa musu tabarmi a inuwar durumin da yake tufka. Wani ya tashi ya ce Nababa gishirin ƙasa ne, wani ya ce ba za a sake yin kamarsa ba. Gaskiya suka faɗa, amma ina suke lokacin da yake tauna kunun dusa? Sun ɗauki hoton gangar, sun ɗauki hoton Uwaisu babban ɗansa yana riƙe da ita, suka kaɗe riguna suka tafi. Inna Adama uwargidansa ta ce mini ita dai ta gode, ko ba komai ranar yaran gidan sun ci shinkafa.

Abin da ya sa na ɗauki biro ba wannan ba ne. Da yammacin ranar gidan rediyo suka yi shiri na tunawa da shi, suka sa tsohon ɗaukar da suka yi masa a gayyar Maigari. Balarabe maƙwabcinmu ya kawo rediyonsa zaurenmu saboda Baba, maza suka cika har waje, mu mata muna jikin katanga. Maigida, muryar nan ta fito garau kamar yana tsaye a tsakar gida. Yana kiran manoma ɗaya bayan ɗaya da takensu. In ya kira wanda ya rasu, zaure ya ɗauka da Allah ya jiƙansa. In ya kira wanda ya tafi ci-rani, a ce Allah ya dawo da shi lafiya. Ban ankara da yawan waɗanda muka rasa ba sai ranar. Da aka zo kanka, ganga ta canja, ya ce Bahago, sai wani daga bakin ƙofa ya ce Allah ya jiƙansa. Bakinsa ne ya riga shi, nan da nan ya yi ta istigfari, mutane suka yi masa ca. Amma Baba ya ji, kuma ni na ji. Na shiga ɗaki na toshe bakina da zani don kada yara su ji kukana.

Yanzu ga maganar, ka saurara da kyau. Ka san al'adar gidan su Nababa tun kakansa. In mai ganga ya rasu, magajinsa ba ya kaɗa wa kowa sai an yi tashin take. A gayyar farko zai kaɗa taken kowane manomi, mai shi ya fito ya yi kirari ya ja garma ko taku kaɗan ne. Wanda aka amsa ya tashi, ya shiga hannun sabon makaɗi. Wanda ba a amsa ba a kwantar da shi tare da na matattu, ba a ƙara kaɗa shi har abada. Uwaisu ya aiko wa Baba cewa in Allah ya kawo ruwa za a yi bayan ƙaramar Sallah, a gonar mahaifinsa, don a nome wa marayu.

Na san abin da ya kore ka. Ka ce mutumin da ake yi wa kirari a rediyo ba zai tsaya a layi yana jiran mudun masarar agaji ba. To duk garin nan wa bai tsaya ba? Maigari ma ya tsaya. Ba kai ka hana ruwa sauka ba. Ni dai ba zan zauna ina ji a kwantar da taken mijina cikin na matattu yana raye yana cin tuwo a Kano ba. Ka zo.

Baba yana gaishe ka. Ya rage magana ƙwarai.

Matarka,
Hure.


Tudun Kanya.
Cikin azumi.

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya ibada, ya ƙishirwa? Ya jikin kuma? Wannan karon da gaske nake tambaya. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Mai karatu, wannan ka sassauta murya, ka ja shi gefe.

Sabo ya faɗa mini. Kada ka ga laifinsa, ya riƙe maka amana iya ƙarfinsa. Na daɗe da lura duk sanda ya kawo saƙo ba ya yarda ya zauna, yana ajiyewa zai ce fasinja na jira. Wannan zuwan na sa Baba ya zaunar da shi a zaure, na tsaya bayan ƙofa na ce ba zan karɓi ko ƙwayar gari ba sai ya gaya mini ko aure ka yi. Abin da na zata ke nan, ka ji wautata. Ya yi ta kame-kame, na ce ya dubi azumin da ke bakinsa. Sai ya fashe da kuka, babba da shi. Ya ce tun da sanyi injin matse gyaɗa na inda kake aiki ya kama hannun rigarka ya ja, aka kai ka asibiti, aka yanke daga wuyan hannu. Na tambaye shi wanne. Ya dubi hannunsa na hagu, na gane.

Ashe lokacin da Nababa yake ƙwanƙwasa takenka a jikin rumbu kana kwance a gadon asibiti babu kowa naka. Ashe garin kwakin da muke ci daga gadin shago yake fitowa, kana kwana a kan benci. Ni kuwa ina nan ina aika maka da baƙaƙen maganganu, har da cewa kana cin tuwo a Kano. Wa ya wanke maka ciwon? Wa yake ɗaure maka mazagin wando? Wa yake zuba maka ruwan alwala? Waɗannan tambayoyin ne suke hana ni sukuni. Shekara nawa ina wanke maka ƙafa in ka dawo daga gona, sai ranar da ka fi bukatata ka zaɓi baƙi su gan ka, ni kada in gani. Wannan ya fi yankan yi mini ciwo, na faɗa maka gaskiya.

Baba ya ɗauki abin da tawakkali fiye da yadda na zata. Ya ce shi da ya ɗauka ɗansa ya guje shi ne, yanzu da ya ji ciwo ne ya hana shi sai ya ji sanyi a ransa. Ya ce a gaya maka shi ɗa ya haifa, ba garma ba.

An yi ruwa, Maigida. Ruwa sosai, har kwari ya kawo. Ƙasa ta yi ƙamshin nan da muka manta. Irin geron da ka bari na cakuɗa da toka na rufe a tulu, duk wuyar da aka sha ban taɓa shi ba, ko ranar da ƙaramin ya kwana yana kuka. Mun shuka gonar bayan gida, Baba yana sara daga tsaye, ni da yara muna zubawa muna rufewa. Kulle yanzu sai matan masu hatsi, kowa ta fito. Ya tsiro, layin dai ba irin naka ba ne, ya yi ta yawo kamar rubutuna.

Baba ya je wurin Uwaisu a kan maganar take. Bai gaya masa komai ba, tunda sirrinka ne, ya dai tambaya ko uba zai iya amsa wa ɗa. Uwaisu ya ce bai taɓa ganin an yi ba, kuma yana tsoron ya fara gadon gidansu da karya ƙa'ida. Ya ce mahaifinsa har ya bar duniya yana cewa a duk takensa babu wanda yake jin daɗin kaɗawa kamar na Bahago, don shi kaɗai ne yake sa shi gudu a gona. Ya ce don Allah ka zo, ko hannu ka ɗora a kan garmar ya isa.

Ka ji, ko hannu ka ɗora. Kana da na dama. An sa Asabar ta farko bayan Sallah, ranar da motar Sabo take zuwa da safe ta koma da la'asar. Na wanke rigarka mai aska biyu, hannunta yana da faɗi.

Allah ya karɓi ibadarmu. Ina jiranka.

Taka har kullum,
Hure.


Tudun Kanya.
Bayan Sallah.

Maigida,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ina fata ka yi ta lafiya, jiki kuma yana ƙara sauƙi. Baba da yara suna lafiya. Gero ya kai gwiwa. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

An yi tashin take. Zan ba ka labari duk da na san ba ka bukata.

Tun da hantsi gonar Nababa ta cika. Kowane gida ya kawo abin da ya samu, wasu fura ba nono, wasu ruwa zalla. Uwaisu ya sa wa gangar sabuwar fata, ya sa hular mahaifinsa, da ya ɗaga gula sai tsofaffi suka fara share hawaye, don tsayuwarsu ɗaya. Ya fara da na matattu. Ya kaɗa kowanne a hankali sau ɗaya, babu mai amsawa, aka yi musu addu'a. Na ƙarshe a cikinsu na Nababa ne da kansa, wanda yake shiga gona da shi. Inna Adama ta zauna a ƙasa ta rufe kai. Maigida, na ga maza masu gemu suna kuka kamar yara. Ba shi kaɗai suke yi wa ba, har da shekarun da muka yi tare da shi, lokacin da fura take yawa har ta yi tsami a zubar.

Sannan ya juya kan na masu rai. Balarabe ya fito, Hamisu na gidan Liman ya fito, har waɗanda suka dawo daga Ikko saboda ranar. Duk sun rame, kirarin ma muryar ba ta kai ta da ba, amma sun amsa sun ja garma. Ni ina cikin tsofaffin mata a bakin gona da mayafina, idona yana kan hanyar mararraba. Na ji ƙarar motar Sabo tun ɗazu, na ce yanzu za ka ɓullo.

Sai ya kaɗa naka. Ya kaɗa ya ƙare, babu kowa. Ya sake, yana waige-waige. Baba ya yunƙura zai tashi da sandarsa, ƙafar ta ƙi. Uwaisu ya ɗaga gula zai yi na ƙarshe, na ga Liman ya fara ɗaga tafin hannu irin na addu'ar mamaci.

Ban yi shawara da kowa ba. Na yar da mayafi na rangaɗa guɗa irin ta ranar farko, na shiga gona, na ɗauki garmar da aka ajiye na riƙe ta a hagu. Kuma na kira sunanka. Sunanka na yanka, wanda tun da aka kawo ni gidanku bai taɓa fita daga bakina ba, ko a ɗaki, ko a gaban uwata. Na kira shi a gaban surukina da Liman da Maigari da duk mazan ƙasar nan, na ce yana da rai, ba a kwantar da shi ba, ga gidansa ya amsa. Na ja garmar, ta fi ƙarfina, na faɗi a kan gwiwa, na tashi na sake ja.

Wasu tsofaffi sun yi salati, wata ta ce na zubar da mutuncin aure. Uwaisu ya tsaya kamar an dasa shi. Can sai ya saki ganga da ƙarfi, ya biyo ni da ita kamar yadda mahaifinsa yake bin ka, yana kuka yana faɗin angon Hure. Bayan an tashi ya ce wa Baba bai san ko ya yi daidai ba, amma hannunsa ya ƙi kwantar da shi. Ya ce ya ɗaga maka har kaka. In an yi girbi mai shi bai zo ba, ba shi da yadda zai yi.

Na dawo gida ina jin ko ba komai na yi abin da zan iya, ba ka samu zuwa ba ne. Sai da la'asar Sabo ya aiko yaron motarsa da kwano. Kwanon da na zuba maka dambu ranar da za ka tafi. Na fita da kaina na tare motar kafin ta tashi, ba ka ciki, wai ka yi gaba a ƙasa zai ɗauke ka a hanya. A nan ya gaya mini tare kuka zo. Ka sauka a mararraba, ka bi ta bayan gari, ka tsaya a bayan ɗorawar da ke gefen gonar, hannunka cikin riga. Tun daga na matattu kana wurin.

Ashe ka ji. Ka ji gangar ta kira ka har sau uku. Ka ga mahaifinka yana neman tashi ya kasa. Ka ga na faɗi da garmarka. Ka ji abin da na kira ka da shi, tsakanina da kai bai fi jifa ba, ka juya ka tafi.

Ban san me zan ce maka ba. Na yi fushi, fushin ya ƙare, ya bar ni da tausayinka, shi kuma ya fi nauyi. Na san abin da ka tsaya kana kallo. Kana ganin mutumin da Nababa ya yi wa take ya mutu a cikin injin nan, saura wani mai gadi. To ni ban auri take ba. Guɗar da na yi ranar gonar Maigari na yi ta ne tun kafin in san me gangar take cewa. In sun ga dama su kwantar da shi da kaka, na daina roƙonka a kansa. Nababa ya tafi inda ba a dawowa, mun yi kukansa mun yi masa addu'a, kuma duk damina za a sa muryarsa mu sake yi. Wannan makokin ya ishe ni. Kada ka bar ni ina jin sunanka a rediyo ina rasa wacce addu'a zan yi maka a cikin biyun.

Kwanon na wanke na ajiye, ban mayar ba. In kana son dambu ka zo ka ci a gida. Gero yana son maimai, ni zan riƙe fartanya, kai ka tsaya a kaina ka yi ta faɗa cewa layina ya karkace.

Mai karatu, wannan na ƙarshen kada ka sassauta murya. Na riga na faɗa a gaban duniya, babu sauran abin ɓoyewa.

Badaru, ka dawo gida.

Ni ce matarka,
Hure.